Santimita Huɗu Zuwa Dama

Talata, tara ga wata, ƙarfe biyar da kwata na yamma, a teburin kicin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Takarda na rubuto maimakon waya domin kin san gidan nan: ko tari na yi a ɗakina sai Baba ya ce sannu.

Ga abin da ya faru. Ranar Asabar Baba ya ce in duba masa bindigar akwatin wasan nan da ya haɗa mana da katako da tsohuwar talabijin. Tun rasuwar Mama, kullum ya dawo daga shagon gyara sai ya tsaya gabansa yana harbin kwalaben da ke fitowa a allon talabijin ɗin har shayinsa ya huce. Ya ce, "Tunda an ba ki takardar injiniya, zo mu ga amfaninta. Bindigar nan ta fara yi mini ƙarya."

Bindigar tana da ɗan ido a bakinta. Shi ke ganin ƙananan fitilu huɗu da ke kusurwoyin allon, da su take gane inda aka nufa. Na ɗaure ta a kan kujera don kada hannu ya yi rawa, na harba sau ashirin. Duka sun faɗi santimita huɗu dama da inda na auna. Sai na goge tsohon saitin, na yi sabo. Yanzu kuskurenta bai kai milimita biyu ba.

Na kira Baba ina ta murna. Ya harba, bai sami kwalba ko ɗaya ba, duk ta hagu yake wucewa. Ya rataye bindigar ya ce, "Aiki ya yi kyau, Injiniya." Tun ranar bai sake taɓa ta ba.

Na sake aunawa. Bindigar daidai take. Me na ɓata?

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta sarkin awo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki. Da na fara karanta wasiƙarki dariya na yi, ke ce har cokalin sukari sai kin share kansa da wuƙa. Kafin in kai ƙarshe dariyar ta tsaya.

Wa ke saita bindigar nan in ba Baba ba? Roba ce fa, ba ta karkata da kanta.

Zuwansa na ƙarshe wurinmu ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce bakin butata ne a karkace. Ya ba ƙaramar yarinyar nan takardar magani ta karanta masa, wai jarrabawa yake yi mata. Na gani, na kau da kai, don ban shirya sani ba.

Bindigar ba ta lalace ba, Auta. Shi ya riƙa lanƙwasa ta tana bin idonsa. Ke kuma kika miƙe ta.

Ki mayar masa da ita yadda take, ki ja bakinki ki yi shiru sai na zo ƙarshen wata. Shagon nan da wasan nan su suka rage masa. Kada ki je masa da santimitocinki.

Yayarki

*

Lahadi, bayan azahar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban bi maganarki duka ba, ki yi haƙuri.

Na fara da ƙoƙarin mayarwa. Yadda ake saitin, allo yana nuna ɗigo, a harbe shi, injin ya koyi hannun mai harbin. Tunda ko tsohon saitin ya daina isar Baba, sai na gwada karkatar da shi fiye da na dā, ya ƙi karɓa. Ashe santimita huɗun nan ita ce iyakar abin da injin ke yarda da shi. Baba ya kai bango ne, shi ya sa ya kira ni.

Shirun ne na kasa. Kullum da safe ina jin tashin babur ɗinsa, kuma hanyar shago ta bi ta mararrabar da manyan motoci ke juyawa. Mutumin da kwalba a kan allo ke goce wa idonsa, yaya zai yi da mota?

Jiya na same shi a shago da wata rediyo a buɗe. Ya kai bakin ƙarfen liƙi kusa da wata 'yar waya a cikinta, ya janye, ya sake kaiwa. Na ce, "Baba, bindigar ba ta da laifi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Ni na haɗa ta."

"To me ya sa ka ce in gyara?"

"Na ce ko a makarantarku an koya muku wani abu da ban sani ba."

Na ce ba a koya mana ba. Ya yi murmushi ya ce, "Asarar kuɗin makaranta." Sai ya miƙo mini ƙarfen ya ce in liƙa masa wayar, wai hannunsa ya gaji. Hannunsa ko rawa ba ya yi, Yaya.

Ya yarda mu je asibiti ranar Laraba. Ni zan tuƙa.

Ki yafe mini idan na yi gaggawa.

Auta

*

Auta,

Na yi fushi kwana ɗaya, ya wuce. Ni na ga shayi a kan tebur na kawo tsumma, ke kika yi magana. Ki rubuto duk abin da likita ya faɗa, kada ki rage mini komai. Ki gaishe shi, ki ce na sayi sabuwar buta.

Yayarki

*

Alhamis, da safe

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Likita ta ce tsakiyar ganin idon dama ya tafi kuma ba zai dawo ba. Na hagu ya fara. Ta hana shi tuƙi. Da muka dawo ya ajiye makullin babur a kan firji, inda Mama ke ajiye abin da ba ta so mu taɓa.

Tunda injin ya ƙi, sai na kwance fitilun huɗu na matsar da su gefe, na ɗaure. Yanzu ni ce ba na samun komai. Shi kuwa ya fasa kwalabe bakwai a jere. Sannan ya shafa gefen allon da yatsa, ya ji sababbin ramukan.

Ya ce, "Kin huda mini katako."

Na ce eh.

Ya ce, "Saura wuri nawa?"

Na auna a gabansa. Santimita uku, daga nan katakon ya ƙare.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Tun yaushe ya fara karkatar da ita.

Ko Mama ta sani.

Abin da za mu gaya wa masu rediyo goma sha ɗaya da ke jira a shago.

Tsawon lokacin da santimita uku za ta kai mu.

Ki zo da yaran. Yana so ya ga fuskokinsu da kyau.

Ƙanwarki,
Auta