Zuwa ga Madam, Wadda Na Yi wa Ƙarya a Bakin Mota

Madam,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar ƙarfin jiki. Ni ce Hadiza, 'yar Damagaram ɗin nan da ta yi shekara uku tana kula da ke a gidanki na unguwar Ma'adi, nan Alƙahira. Na san ba kya jin Hausa, ɗanki kuma ya ce yanzu ko Turancin ma ba kullum kike gane shi ba. Duk da haka da Hausa zan rubuta, don da ita na fi iya faɗin gaskiya.

Ranar da na fara zuwa ban san ko ke wace ce ba. An dai ce mini tsohuwa ce 'yar Ingila, mijinta likita ne Bamisire, ya rasu, ita kuma mantuwa ta fara kama ta. Maigidana yana karatu a unguwar Darrasa, ni ina zaune a unguwar Hayyin Ashir ba aikin fari balle na baƙi, sai na karɓa. Da guntun Larabci da guntun Faransanci muka riƙa fahimtar juna.

Sai da na yi wata biyu ina goge hotunan falo kafin na gane budurwar nan mai riƙe da makirufo ke ce. Ɗanki ya turo mini tsofaffin shirye-shiryenki a waya, ya ce in kunna miki duk lokacin da kika rikice. A nan na ga rayuwarki. Kin fara da waƙa a ƙananan gidajen wasa. Aka ɗauke ki gabatar da shirin yara a talabijin, daga nan sai shirin ƙarshen mako da gida-gida ake kallo. Kin fito a wasan kwaikwayo, kin yi faifai. Da shekaru suka fara nunawa a fuskarki, aka kira ki ofis aka gode miki, aka ɗauko wata yarinya. In kina ba ni labarin da bakinki kika zo nan, sai ki ɗaga kafaɗa ki ce, "Khalas, shi ke nan, fitila ta koma kan wata."

Kina manta kin ci abinci. Kina manta mijinki ya rasu. Amma ban taɓa jin kin ɓata baitin waƙa ko ɗaya ba.

Bayan la'asar kikan zauna gaban madubi in shafa miki hoda, ki tambaye ni minti nawa ya rage a fara shiri. In ce biyar. Sai ki gyara zama, ki yi wa labule murmushi, ki yi masa barka da yamma. In na tayar da sallah kuma kikan ɗora yatsa a baki ki ce wa kyanwarki, "Shiru, ana ɗaukar shiri."

Ke kika hana ni magana kaina a sunkuye. "Dubi mutum, Hadiza. Ƙasa ba ta da kunne."

Bayan kin faɗi a banɗaki, ɗanki ya zo ya yanke shawarar mayar da ke Ingila, gidan kula da tsofaffi. Kwana uku kina ƙi. Kika riƙe ƙofar ɗaki kika ce a nan mijinki zai dawo ya same ki. Ranar tafiya jirgi na neman tashi, ɗanki ya dube ni ya ce ni kaɗai kike jin maganata.

Na shiga na ce, "Madam, daga situdiyo aka kira. Mota na jira a ƙasa."

Kika miƙe tsaf, ba sanda. Kika ce in kawo koriyar rigarki da jambaki. Kika sauko kina ɗaga wa mai gadi hannu. A bakin mota kika kama hannuna kika ce, "Yalla, mu tafi, ba kya zuwa?" Na ce ina biye da ku a wata motar. Kaina a sunkuye na faɗa, ba ki lura ba.

Maigidana ya ce babu laifi a kaina, ƙaryar maslaha ce, har ya kawo mini hujja daga littattafansa. Wataƙila haka ne. Na sami wani aikin a unguwar Hayyis Sabi', ina rainon 'yan biyu, lafiya lau.

Makon jiya ɗanki ya kira ni. Ya ce kin manta sunansa, kina ce masa direba. Amma kowace safiya sai kin sa an yi miki kwalliya, ki zauna kusa da taga, ki tambayi ma'aikatan ko motar Hadiza ta iso.

Shi ya sa na rubuto. Babu wanda ya kira daga situdiyo, Madam. Babu kuma wata mota. Tsaye na yi a bakin titi har kuka sha kwana, sannan na hau sama na kulle gidan. Ki yafe mini.

Allah ya sassauta miki tsufa, ya haɗa ki da masu tausayi da haƙuri. Allah ya sa jiran nan bai yi miki nauyi ba, ya cire shi daga zuciyarki a hankali.

Taki,
Hadiza
Alƙahira