Tafin Hannun Baba Tsoho a Bangon Majami'a

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Maginan da ka turo sun fara aiki a tsohuwar majami'ar mishan ta Angalika, wadda yanzu yara ke karatu a ciki. Hoto kawai ka gani a waya, ka ce gini ya tsufa, a shafe shi da siminti a yi fenti. Yaya, wa ka tambaya? Ginin nan babu siminti ko cokali ɗaya a jikinsa. Da dutsen rafi da farar ƙasa aka ɗora shi, mata suka yi ta dakon duwatsun a ka, aka fitar da dogayen tagogi masu tsini don iska ta ratsa. Ranar da aka gama bangon gabas, kowane magidanci ya danna tafin hannunsa a ɗanyen shafen. Na kakanmu Baba Tsoho shi ne na kusa da ƙofa, mai guntun yatsa. Ko da jama'a suka koma sabon gini, ba wanda ya taɓa bangon nan.

Ka san tun da idon Kaka ya mutu, duk Lahadi nake kai ta ta ɗora hannunta a kan na marigayi mijinta, Baba Tsoho. Jiya na kai ta, ban san an riga an shafe ba. Ta yi ta lalube sama da ƙasa, bango sumul kamar faranti, har ta ce na ɓatar da ita, ba nan ba ne. Ni kuwa sai hawaye. Garin neman gira ka rasa ido, Yaya!

Babban magini ya ce in an ɓamɓare a hankali hannun zai iya fitowa, amma simintin kullum ƙara kamawa yake, kuma ba zai taɓa ba sai da izininka. Da takardar nan ta iso, ka kira shi, kada ka ce sai gobe.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gai da matarka da 'yan biyu. Kaka ma ta gaishe ka, ta sa maka albarka, sannan ta ja wa wanda ya sa aka shafe bangon Allah ya isa. Har yanzu ban gaya mata kai ne ba.

Ƙanwarka,
Auta