Inna a Gida Huɗu

Ƙarshen sanyi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na zaɓi in rubuto in ba Auta ya kawo maka, don ka san halina. In na ji muryarka a waya bakina nauyi yake yi, sai in ce "to" alhali ba ita ce a raina ba.

Maganar zaman Inna ce. Tun rasuwar Baba muka raba mata shekara: sanyi a wurina, zafi a wurinka, damina a wurin Ta-Gona, kaka a wurin Auta. A lokacin tsarin ya yi kyau. Ita da kanta take riga kowa shiga mota, tana cewa ita tsuntsuwa ce mai sheƙa huɗu. Amma Yaya, Innar da muka raba wa shekara ba ita ce wannan ba.

Da Auta ya sauke ta bana, makonni ta yi tana laluben bango tana neman ƙofar banɗaki. Ranar farko ta tayar da salla ta kalli kudu. Na kama kafaɗarta a hankali na juya ta, sai ta fashe da kuka ta ce, "A gidan jiya nan ne gabas." Matar da ta koya mana Fatiha, Yaya. Na ɗaura jan ƙyalle a ƙofar banɗaki, na daina matsar da ko kujera, yaran da ke zuwa karatu wurina na hana su zubar da takalma a hanyarta. Sai yanzu ta fara kama gidan. Shekaranjiya da kanta ta ɗauki buta ta je ta dawo, har ta gyara wa wata yarinya karatu daga cikin ɗaki. Ina cikin murna, sai na tuna zafi ya ƙarato.

Ina roƙonka don girman Allah a bar ta a nan. Ba don na fi kowa iya riƙo ba, a'a, don nan ɗin ta fara ganewa. Ku riƙa zuwa da yara lokacin hutu, ni zan koma kwana a tsakar gida in bar muku ɗakina.

In na yi rashin kunya ka yafe mini. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Malama

Farkon zafi

Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na kuma karanta ta da kyau.

Na ɗaya, tsufa ba cuta ba ce. Ni ma nakan nemi tabarau alhali yana kan hancina. Na biyu, gidanki rufin kwano ne, kin fi kowa sanin yadda yake a watan zafi. Ni kuwa na sa an yi wa ɗakinta sabon fenti, an shimfiɗa tayil, an kafa na'urar sanyi, an sauya gado. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: hidimar uwa lada ce, kuma mu huɗu ta haifa. Ke da kika yi karatu kin fi ni sani. Ko so kike ki kwashe albarkar ke kaɗai, mu ki bar mu da gaisuwar waya? Me zan ce wa maƙwabta in zafi ya shigo ba su ga uwata a gidana ba?

Abin da aka tsara a gaban kowa ba a warware shi a takarda. Rabon kowa haƙƙinsa ne. Auta zai zo ɗaukarta, ki haɗa mata kayanta da magungunanta.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

Bayan tafiya

Yaya Malama tawa ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ba ta shiga but ɗin mota sai an ɗaure da igiya. Mun sauka lafiya, na miƙa amana ga Babban Alƙali, ya karɓa yana duba agogo kamar jirgi na tuƙo.

Kin ce in faɗa miki gaskiyar yadda hanya ta kasance. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da muka bar unguwarku ta yi ta waiwaye har kwanar ƙarshe. Can ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam direba, ka san ɗana? Shi ma direba ne, amma ya fi ka hankali." Na ce, "Hajiya, ai na san shi, ɗan banza ne." Ta kai mini duka a ƙeya ta ce kar in ƙara zagin ɗanta. Na yi dariya, Yaya, na yi dariya har hanya ta daina ganuwa, dole na gangara gefe na ce taya zan duba.

Da muka shiga ɗakin nan da Yaya yake alfahari da shi, fari fat, ga sanyi, ga warin fenti, sai ta riƙe mini riga ta ce, "Wa aka kwantar?" Ta ɗauka asibiti ne. Anti ta kawo mata shayi, ta ce mata, "Sannu, nas." Anti ta yi murmushin da ya tsaya a haƙori.

Ni dai direba ne, inda aka ce in kai nan nake kaiwa. Amma in kin samu sarari ki leƙo.

Ƙaninki mai takalmin ƙarfe,
Auta

Tsakiyar zafi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Na gode da karamci, ka miƙa godiyata ga Anti, wallahi tana ƙoƙari, na ga yadda ta rame. Na so in yi maka magana kafin in taho, ka fito da baƙi, ni kuma na haɗiye. Daga tasha har gida kuka nake yi, wata mata a mota har ta yi mini ta'aziyya.

Yaya, ka shiga ɗakin Inna da hantsi kuwa? Kai kana ganinta da yamma, an yi mata wanka an zaunar da ita. Ni na gan ta da safe. Kayanta suna ɗaure yadda na ɗaure su da hannuna, ƙullin nan nawa ne, na gane shi. Anti ta ce duk sanda aka zo kwancewa sai ta hana. Tana idar da asuba take ɗaukar ƙullin ta zauna a kansa a bakin ƙofa, da mayafi da takalmi. Na ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce, "Kar mota ta zo ban shirya ba, a yi mini faɗa." Gadon nan sabo ko lotsawa bai yi ba.

Na ga kuma ana kulle ta in za a shiga kicin, don sau da yawa an tsinto ta a bakin get. Ban ga laifin kowa ba. Amma na tsaya a bayan ƙofar na ji tana ƙwanƙwasawa a hankali, tana cewa, "Masu gida, a yi haƙuri."

Abin da ya fi karya ni alwala ce. Na zuba mata ruwa, ta wanke hannu, ta tsaya tana kallona. Ta sake wanke hannu. Ta ce, "Daga nan sai ina?" Na sani an ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alƙalami, ba zunubi nake ji mata ba. Ita ce ba ta sani ba, tana ji a jikinta akwai abin da ya kuɓuce mata, tana ta neman gafara.

Ka ce so nake in kwashe lada ni kaɗai. Maganar ta zauna mini, na yi ta bincikar zuciyata, don mai yiwuwa ka hango abin da ban gani ba. To ga amsata. Na yafe rabona. Kada a dawo da ita wurina, ko bana ko baɗi. A bar ta a gidanka har ƙarshen kwananta, ni zan riƙa zuwa ina taya Anti wanki da jinya. A kwance ƙullin, a ce mata an iso, ba sauran tafiya. Damina ta kusa, gidan Ta-Gona kuwa wuni guda ne a mota. Duk tafiya sai ta zubar da wani abu a hanya, kuma abin da ya rage mata ba shi da yawa.

Na durƙusa maka, Yaya. Ban taɓa roƙonka komai ba sai a kan Inna.

Ƙanwarka,
Malama

Farkon damina

Malama,

Salam. Na shiga ɗakin da hantsi kamar yadda kika ce. Na gani.

Na kira Ta-Gona na ce mata Inna ba za ta zo bana ba. Ta ce, "Yaya, ba kai ka ce rabon kowa haƙƙinsa ne ba? Da aka zo kanka an ba ka, sai da aka zo kan matar manomi doka ta sauya?" Ta ce ita ce mai nisa, ita ce ba ta da abin hawa, shekara guda take jira ta ga uwarta. Ta yi kuka. Ni na gina maganar, ba zan iya rushe ta ba, sai na ce Auta zai kawo ta.

Auta ya tafi da ita jiya. Ba ta yi gardama ba, ita ta riga shi fita.

Yayanki

Daga hanya

Yaya Malama,

Yau ba wasa a bakina, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Da na buɗe mata ƙofar mota a gidan Yaya, ta shiga ta shafa kujerar baya, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, mun dawo gida." Ta cire takalmi, ta kwance ƙullin da kika ce ba ta kwancewa, ta jera carbi da kofi da man shafawa a bayan kujera. Ta yi barci irin wanda Anti ta ce rabonta da shi tun zuwanta. Kin gane, Yaya? Gida huɗu muka ba ta, ba wanda ya zauna mata sai wannan akwalar tawa. Ita kaɗai ce ba ta sauya mata ba.

Mun isa ana ruwa. Ta-Gona ta fito da gudu ba ko lema, 'ya'yanta suna tsalle. Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ku shigo mana, kuna tsaye a waje." Aka yi lallashi, aka yi dabara, ta ƙi sauka. Na kama hannunta, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta ce za a fitar da ita daga ɗakinta. Ta-Gona ta zauna a cikin taɓo ta ɗora hannu a ka. Nan aka kai mata abinci, nan ta yi la'asar a zaune.

Da na ga rana za ta faɗi, na ɗauko sifana na kwance kujerar. Ni da mijin Ta-Gona da maƙwabta biyu muka ɗauke ta a kai, ita da kujerar, muka shigar ɗaki. Yanzu haka a kanta take kwana. Ni kuma ina ɗaukar fasinja a kan tsohuwar taya da tabarma, suna zagina ina ba su haƙuri.

Na faɗa wa Yaya, ke ma ina faɗa miki: ba zan sake ɗaukarta ba. Rabona na kaka na bar shi. Duk mai son ta je gidansa ya zo ya goya ta. Yaya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ta zauna inda take." Sai na ji kamar yana share hanci, ya kashe wayar.

Ta-Gona ba za ta iya ita kaɗai ba, ga shuka ga yara. Ba ta ce in faɗa miki ba.

Auta

Tsakiyar damina

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gidan Ta-Gona. Na sallami yaran karatu, maigidana ya ba ni izini, ban sa ranar komawa ba. Ni da Ta-Gona mun yafi juna kan rabonta da na nemi a tsallake.

Na samu Inna a kan kujerar, ta rame amma tana cin abinci. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni da kyau, da fara'arta, ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Na ce, "Innata nake nema."

Ta matsa ta ba ni wuri ta ce, "Zauna ki jira. Ni ma tawa nake jira."

Muna nan zaune, Yaya. Kada ka jira yara su samu hutu. Ka taho yanzu.

Ƙanwarka,
Malama