Wani Dattijo Mai Ganga

Seoul, 9 ga Afrilu, 1978

Uwar Dongho,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Kada ki ɗauki buhunan albasa ke kaɗai, ki jira ni.

Na iso lafiya, na kuma sami 'yarmu Miran. Abin da maƙwabta suka faɗa gaskiya ne: ta bar masaƙa tun bara, waƙa take yi da wasu samari uku masu kiɗan rok. Sun sa wa ƙungiyarsu suna Farin Ƙyalle. Da na ji sunan na gane ƙyallen da kike kwance wa mamaci ƙulli da shi a gidan makoki, don ransa ya tafi lafiya, take nufi.

Na faɗa mata duk abin da kika aiko ni da shi. Na ce auren yayanta Dongho saura wata bakwai, iyayen yarinyar da zai aura a garin Mokpo sun ɗauka mu manoma ne tun kaka da kakanni, kuma shekara goma ke nan muna ɓoye sana'ar gidanmu don kada a ƙara kiran su 'ya'yan masu yi wa matattu waƙa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Baba, zo ka ji mu sau ɗaya. In ka ce shirme ne, gobe da safe mu hau jirgi."

A ƙarƙashin wani shagon taliya suke gwaji. Mai jitarsu, Wonjae, dogo ne kamar gora, yana cusa gashinsa cikin hula don kada 'yan sanda su aske shi a titi. A wuraren rawar sojojin Amurka ya koyi kiɗa, ya ce faifan Turawa yake saurare har sai faifan ya cinye. Mai gangunansu, Gapsu, gajere ne mai tumbi. Ya duƙa ya gaishe ni ya ce, "Baba, in kana da sauran haƙora ka riƙe su da kyau."

Bai yi ƙarya ba. Da suka fara, ƙara ta shiga ƙirjina kamar an buga mini ƙofa. Na yunƙura zan fita. Sai Wonjae ya taka wani ɗan akwati da ƙafa, ya ja tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta, jitar ta yi kuka. Uwar Dongho, kukan gogen marigayi yayana ne. Yaron bai taɓa taka tsibirinmu na Jindo ba, Miran ce ta riƙa rera masa har ya kama.

Daga nan ta buɗe baki. Waƙar da kike kiran ruhin waɗanda teku ya ci da ita ce, ba ta sauya kalma ko ɗaya ba. Muryarki ce lokacin da kike da shekara talatin, amma da tsawa a bayanta, irin tsawar da kullum nake jin waƙar nan tana nema, mu kuma ba mu da ita. Na koma na zauna.

Ba mu hau jirgin ba. Ki yi haƙuri, ki ba ni kwana kaɗan.

Mijinki,
Ham Gilsu


Seoul, 21 ga Mayu, 1978

Uwar Dongho,

Ina gaishe ki da kyau. Wasiƙarki ta iso, faɗan da ke ciki ma ya iso, kuma na karɓa. Na gode da busasshen kifin, yaran sun cinye shi a zama ɗaya. Yaya jikin naki?

Zan faɗa miki gaskiya tun kafin ki ji a bakin wani. Na kaɗa janggu, gangar nan tamu ta gado.

Ga yadda aka yi. Kwana uku ina zaune ina jin Gapsu yana ɓata waƙar. Hannunsa na da kyau, amma kiɗan da ya koya huɗu-huɗu yake tafiya, cas-cas, kamar fareti. Rana ta huɗu na kasa daurewa, na ce, "Kai yaro, sojoji kake rakawa ko mamaci? Wannan kiɗa ɗingishi yake yi. Ka taɓa ganin masu ɗauke da makara a kan yashi?"

Ya ce, "Baba, baki kowa yana da shi. Ga sanda."

Miran ta fita, ta dawo da janggu na aro. Ina ganin dama ta tanade shi, 'yarki ce. Na ce hannuna ya mutu. Da na ɗora tafina a kan fatar sai ya nuna mini ƙarya nake. Gapsu ya saurara, ya saurara, ya bar baki buɗe, sannan ya shigo a hankali ta ƙarƙashina. Shi yana riƙe da huɗunsa, ni ina zagaya shi da ɗingishina, mu rabu, mu haɗu, mu sake rabuwa. Ban san ana iya haka ba. Ubana ma bai sani ba. Da muka tsaya Wonjae ya cire hularsa ya buga da ƙasa ya ce, "Shekara shida ina kwaikwayon Turawa, ashe abin yana ƙauyen su Miran!"

Makon jiya aka ɗauki faifan, na farko gare su. Ɗaki ne da ko numfashinka ba ya amsa kuwwa, wani mutum yana zaune bayan gilashi yana ɗaga mana yatsa. Waƙa takwas ce. Wasu na soyayya ne da Wonjae ya rubuta, masu sauri, da jita mai gurnani kamar injin kwalekwale. Har a cikinsu ma, in kin kasa kunne, za ki ji Miran tana karya murya irin ta mutanenmu. Tamu ce ta ƙarshe, minti tara, sau ɗaya muka yi ta. Mutumin ya ce ta yi wa rediyo tsawo. Miran ta ce to rediyo ya ƙara tsawo.

Sai aka mayar mana da ita muka ji. Shekarata hamsin da takwas, na yi kiɗa a gidan makoki ya fi ɗari biyar, ban taɓa jin kaina ba sai ranar. Duk abin da muka taɓa yi iska ta tafi da shi, wannan kuwa ga shi ya tsaya. Na ce a sake sawa. Sau huɗu na ce a sake, ba wanda ya yi dariya.

Shekaranjiya Dongho ya zo. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Baba, ƙanwata ta haukace, na haƙura. Kai ma? Kai ka ce mini in manta da sana'ar gidanmu, na manta. In sunanka ya fito a faifan nan, ka kashe ni." Miran ta ce masa matsoraci, ya ɗaga hannu, na shiga tsakani. Yaron yana da gaskiya, ni na koya masa tsoron. Na yi masa alkawari. A bayan faifan za a rubuta: janggu, wani dattijo. Miran ma ba za ta sa sunan gida ba.

Jibi zan taho.

Naki,
Gilsu


Seoul, 17 ga Satumba, 1978

Uwar Dongho,

Ina gaishe ki, ina fatan ruwan nan bai kwantar da shinkafa ba. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kin bar ni na dawo don wasa ɗaya kawai, bisa sharaɗin in sa hula in zauna a baya. Na sa hular, na zauna a baya.

Faifan ya tafi fiye da yadda kowa ya zata. A kan hanya daga tasha na ji gangata tana fitowa daga shagon mai gyaran agogo, wasu 'yan mata biyu sun tsaya a ƙofa, ba su san mai gangar ne ya wuce su da ƙunshin kayansa ba. Ɗalibai suna cewa ba su taɓa jin kiɗan rok da ya yi magana da harshen kakanninsu ba.

Jiya da la'asar aka yi wasan, a babban zauren wata jami'a. An ce mutum dubu ne. Waƙoƙi bakwai suna tsalle suna ihu. Da aka zo ta takwas, na buga sau ɗaya, zauren ya yi tsit. Kin san shirun gidan makoki, lokacin da kika kusa kwance ƙulli na ƙarshe? Shi ne, amma na mutum dubu. Na ga samari masu gashi har kafaɗa suna share hawaye da hannun riga.

Da muka gama suka tashi tsaye. Miran ta faɗi sunan kowa, da ta zo kaina ta ce, "Wannan kuma wani dattijo ne." Ta cika alkawari. Suka fara kira, "Suna! Suna!" Wani daga gaba ya ce, "Malam, a ina ka yi karatu?"

Malam. Ni da yaran ƙauye suke kira da sunana gatsal, ni da ake miƙo wa abinci a bakin ƙofa a gidajen da na raka iyayensu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na karɓi abin magana a hannun Miran, na ce, "Sunana Ham Gilsu, daga Jindo. Ban yi karatu ba. Makaɗin matattu ne ni, haka ubana, haka kakana. Waƙar nan ta matata ce, kuma ta fi wannan yarinyar iyawa."

Yau da safe yana cikin jarida, har da hoto. Na kira Dongho ta waya a wurin aikinsa, ya ji muryata ya ajiye. Da rana ya aiko wa Miran cewa uban yarinyar da zai aura ya ce a dakata da maganar aure. Na karya alkawarin ɗana, kuma ba ni da abin kare kaina. Daga nan Mokpo zan wuce, in durƙusa gaban mutumin in roƙe shi kada ya hukunta yaro da laifin tsoho. Zan yi duk abin da ya ce, in ban da ƙarya.

Saura abu ɗaya. Bayan wasan wata mata ta tare ni a ƙofa, mai sharar zauren ce. Ɗanta ya fita kamun kifi shekara uku da suka wuce, ba a ga ko takalminsa ba. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baba, matar taka tana yi har yanzu?"

Na ce tana yi. Na rubuta mata sunan ƙauyenmu. Za ta zo ranar biyu ga wata mai kamawa, da rigar yaron, don ki kira ruhinsa ki kwance masa ƙulli. In kin ƙi, ke za ki faɗa mata, ni dai na kasa.

Ki gaishe da kowa, ki kula da gwiwar.

Mijinki,
Ham Gilsu