Faifan Ƙarfen Da Ya Faso Bangona

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Ni lafiyata ƙalau, jiki da hankali, ko da yake na ji kana shakkar na biyun.

Direbanka ya iso da kwalaye, wai in tattara kayana in koma gidanka, domin ka yanke hukunci cewa gas na manta a kunne har kicin ɗina ya fashe. Ka tambayi maƙwabta, ka tambayi mai facin tayan da ke bayan katangata, amma ni da na yi furfura ina koyar da fiziks, ni ce ban isa a tambaya ba!

To, saurara. Abin da ke zaune wuri ɗaya, idan ya fashe biyu, ba ya tafiya gefe guda. In wani ɓangare ya yi gabas, dole ɗayan ya yi yamma, kuma nauyin kowanne, in an ninka da gudunsa, daidai yake da na ɗan'uwansa. A kan teburin kicin ɗin nan na koya maka wannan doka, kana hawaye saboda jarrabawa.

Ƙarƙashin teburin nan na tsinci wani faifan ƙarfe. Bulolin bangon ma ciki suka zubo, ba waje ba. Sai na ɗauki sandata na fita neman ɗan'uwan faifan. Na same shi can bakin kwata: tankin iskar mai faci, babu gindi, an ja buhu an lulluɓe. Rumfar mai facin ce a tsakanin su biyun, ba murhuna ba. Tukunyar gas ɗina kuwa tana nan, ko ƙwarzane babu.

Shi mai facin, tsoro ya sa shi ƙarya, ya ce maka gas ɗina ne. Na tsare shi, ya sunkuyar da kai, ya kama gyaran bangon. Kai fa, me ya sa ka? Sauƙi ka nema: tsohuwa ta rikice, a ɗauke ta. Wannan ya fi ƙarar fashewar girgiza ni.

Babu inda zan je. Na mayar maka da kwalayenka, duk wayam sai guda. Faifan yana ciki. Shi kaɗai ne ba shi da hurumin zama a gidan nan, shi kuwa na tattara maka.

Ka shafa mini kan yara. Ƙofata a buɗe take ranar da ka zo da tambaya, ba da kwali ba.

Wassalam,
Mahaifiyarka.