Farar Ƙafata

Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gwiwar taki? Ya Kawu Roscoe da hawan jininsa, bayan ihun ranar Lahadi?

Mama, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garinmu ta ɗau kofi! Ga kocinmu gwarzon shekara, 'yan wasa kowa da zoben zakaru. A ɗakin cin abinci na kamfanin kifin da nake aiki nan Alaska na kalla. Da yaronmu ya rungume ƙwallo ya tsallaka layi, ni kaɗai na yi tsalle. Lafiyata ƙalau, sanyi ne dai ya ɗan tsattsaga min hannu.

Kin tuna yadda Kawu ke kora ni kicin duk ranar wasa? "Fita, 'yar nan, kina shigowa falo ake cin mu!" Jiya ya bugo min waya yana ƙyaƙyatawa: "Kin gani? Kina barin gari muka ci. Yi zamanki can!"

Na yi dariya har da hawaye. Hawayen dai sun riga dariyar zuwa, kuma ba su bi ta sun tafi ba.

Ki ajiye min hular murnar cin kofin guda. Ki gaya masa baɗi ina gida, kuma a falo zan zauna, kusa da ke. In za a ci mu, a ci mu.

'Yarki,
Charmaine