Mil Ɗari Huɗu Tsakanina da Kai

Zuwa ga ɗana da ke aikin gwamnati a Ikko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na ba jarida wannan takarda ne domin waɗanda na aika maka ta gidan waya ba su samu amsa ba. Ban sa sunanka ba. Za ka gane kanka.

Kullum uzurinka shi ne Ikko da nisa. Ni na koya maka auna nisa da zare a kan taswira, lokacin ina malamin firamare. Jiya na sake aunawa: wajen mil ɗari huɗu ne daga filin jirginku zuwa namu. Jirgin sama yakan cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ni kafin in dogara sanda in je asibiti in dawo Badarawa, da ka zo ka koma.

Mahaifiyarka ta cika da hantsi. Malam Iro, maƙwabcinmu mai tasi, ya ruga gidan waya ya same ka a tarho, ka ce kana tafe a jirgin rana. Mata suka gama yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, aka gina kabari. Liman ya ce a yi mata salla kafin azahar, gawa ba ta jiran kowa. Na hana. Na tsaya gaban dattawan unguwa ina yi musu lissafin awa da mil, ina cewa zamani ya sake, ɗana zai sauka kafin inuwa ta karkata.

Jirgin ya wuce ta kanmu, duk muka ɗaga kai. Iro ya je filin jirgi ya tsaya har mutum na ƙarshe ya fito. Ya dawo shi kaɗai.

Sai da rana ta kusa faɗuwa muka kai ta makwancinta. Jama'ar da suka cika ƙofar gida tun safe sun watse neman abinci. Matar da ta yi shekara da shekaru tana wanke gawar matan unguwa, ita ce ta samu 'yan tsirarun mutane a sallarta.

Ka zo ranar sadakar bakwai da buhun shinkafa, ka ce taro ne ya riƙe ka. 

Watan jiya Iro ya gan ka a filin jirginmu kana shiga motar gwamnati. Da yamma ya sake ganinka kana komawa. Da ya zo yana ba ni labari ya lura da fuskata, sai ya ce, "Malam, wataƙila kama ce." Ba kama ba ce. A hannunsa ka girma.

Ɗana, kana ƙarami nakan ɗora ka a wuya mu je bakin shingen waya na filin jirgi ka kalli jirage suna sauka, kana riƙe da kunnuwana. Wuyan nan yanzu ko kaina da ƙyar yake ɗauka. Ƙirjin ya ƙi, kuma idon ya fara dushewa.

Na gaya wa Liman, in tawa ta zo, kada a buga maka tarho sai an dawo daga maƙabarta. In kana son ganina, yanzu ne, tun ina iya gane fuskarka.

Allah ya ji ƙan mahaifiyarka, ya shirye ka, kada ya ɗanɗana maka irin jiran da na yi.

Ni ne mahaifinka,
Badarawa, Kaduna.